Mudun Karas

Shekara goma sha ɗaya Baba ya yi a Riyad bai taɓa ruwan da ya wuce na alwala da na wanke mota ba. Shi da bakinsa ya faɗa mini, yana dariya, yana zaune a bakin ƙofar falonmu inda ya saba zama, don ko an ce ya hau kujera ba ya hawa. Ba mahaifina ba ne. Abokin mahaifina ne tun suna samari a Yawuri, ɗan masunta, wanda ya iya riƙe filafili kafin ya iya ɗaura wando. Da kamun kifi ya ja baya sai ya koyi tuƙi, daga baya wani ya nemo masa biza ya zama direban wani gida a nan, yana kai uwar gidan kasuwa da asibiti. Ɗakinsa yana unguwar Shumaisi, mu muna Murabba, hawa na biyu. Duk Juma'ar da aka sake shi yakan biyo daga masallaci ya ci tuwo a gidanmu. Yana ce mini ɗiyata, ina ce masa Baba.

Maigidana injiniya ne. Babban abokinsa likita ne da ke zaune a Nasiriya, mutum mai son sabon abu, wanda in ya ga wasu na yin wata harka sai ya sayi kayanta tukuna sannan ya tambayi yadda ake yi. Da zafi ya ragu a shekarar, shi ya kawo maganar zuwa gaɓar tekun gabas da kayak, wato ɗan kwale-kwalen roba siriri da ake ɗaurawa a kan mota. Za su tashi bayan sallar Asuba ranar Juma'a, su yi tafiyar awa biyar, su shiga ruwa, su yi fatsa, su kwana a tanti a kan wani ɗan farin tsibiri da Likita ya gano a taswirar waya, su dawo Asabar. Likita yana da nasa mai cin mutum ɗaya. Maigidana ya aro mai cin mutum biyu. Kujerar gaba ta rage.

“Ga ɗan ruwa a zaune muna neman wa?” in ji maigidana, ya nuna Baba da cokali.

Ina bayan labule da tiren shayi. Na ga hannun Baba ya tsaya a cikin kwano. Sai da aka sake tambayarsa sannan ya ce, “Injiniya, da gaske kake ko wasa?” Da aka ce da gaske ne, ya tashi bai gama cin abincin ba, ya je ya wanke hannu, ya dawo ya nemi a nuna masa filafilin. Mai baki biyu ne, bai taɓa ganin irinsa ba. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya zauna a kan kafet ya miƙe ƙafa, ya tuƙa iska dama da hagu, dama da hagu, har hularsa ta faɗo. Dattijo mai furfura. Na koma kicin don kada ya ga idona.

Mako uku ya yi yana roƙon ijaza, wato hutu, wurin kafilinsa, maigidan da yake yi wa tuƙi, kwana biyu kacal. Direban gida ba shi da Asabar, Juma'ar ma aro ce. Ranar da aka amince ya kira ni ina tsakar wanke shinkafa. Ya ce in gaya wa Injiniya kada ya yarda da ƙullin ƙugiyar kanti, shi zai sake ƙulla su duka da hannunsa.

In faɗi gaskiya, Likita bai yi wa shirin riƙon wasa ba. Ya sa kowa ya sami rigar ceto daidai jikinsa, da usur a rataye a wuya, da jakar roba da ruwa ba ya shiga don waya. Ya ce a ɗaure kowane filafili da igiya a jikin jirgi, a ɗebi ruwan sha fiye da yadda ake zato, a sanar da masu gadin teku kafin a shiga, a kuma bar wa iyali lokacin da in ya wuce ba a ji su ba sai a nemi taimako. Ya ce in iskar arewa ta taso an fasa, ko da an riga an isa. Duk wannan na ji ta bayan labule, kuma hankalina ya kwanta.

Sai maigidana ya turo mini hoton wata takarda da masu kantin kayan ruwa suka ba Likita, da Larabci, ya ce in duba abin da ya shafi kicin in tanada. Larabcina na Islamiyya ne da na baƙala, wato kantin unguwa. Ina karanta Alƙur'ani, ina cinikin kayan miya, shi ke nan. Na bi layukan da yatsa. Ruwa, na gane. Ƙanƙara, na gane. Dabino da busasshen abinci, na gane. Can ƙasa na ga kalmomi biyu a haɗe, ba wasali a kansu kamar yadda suke rubutunsu. Ta farko na san ta daga babin zakkar fid da kai, mudu. Ta biyu kullum ina ganinta a jikin kwali a wurin mai kayan lambu, jazar, karas. Mudu da karas. Na yi tunani na ce wataƙila kifin teku karas yake ci, ko kuma yana maganin jiri a kan ruwa. Ban tambayi kowa ba. Na so a ce ko sau ɗaya an ba ni takardar Larabci na gama da ita ni kaɗai.

Juma'ar da ta rage mako guda a tafi aka baje kaya a falo ana dubawa. Na auna karas da mudun da nake fid da zakka da shi, na wanke, na kankare, na jera a roba mai murfi, na sa a cikin kayan.

“Wannan fa?” na ji Likita ya ce.

Maigidana ya kira ni. Na tsaya jikin labule na gaishe su, na ce a takarda aka rubuta, layi na biyun ƙarshe, mudu da karas. Likita ya buɗe wayarsa ya duba. Sai ya kwanta a kan kujera yana bubbuga ƙirji.

“Innalillahi! Hajiya, kin kashe ni! Maddu wal jazru ne! Cikowar teku da janyewarsa! Cewa aka yi a duba jadawalin ruwa!”

Maigidana ya fi shi dariya. Har da tari. Likita ya ɗauki hoton robar, kafin La'asar hoton ya zagaya duk gidajen 'yan Nijeriya da muka sani, matarsa ta kira ni wai tana tambayar ko kifin hamur ya fi son karas ɗanye ko dafaffe. 'Yata ta fari, wadda aka haifa a nan, ta leƙo daga ɗaki ta ce da Larabci ko 'yan aji uku sun san wannan kalmar. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki karas ɗaya ya gatsa, ya ce, “Zaƙi gare shi, ɗiyata. A sa mini a jakata.”

Da baƙi suka watse dariyar maigidana ta ƙare. Ya same ni ina wanke kwanuka.

“Kin ji daɗi? Matar mutum tana da digiri biyu, ni tawa tana auna wa teku karas. Daga yau kada in ƙara jin bakinki a maganar tafiyar nan. Ki dafa abin da aka ce ki dafa.”

Na ce to.

Washegari na ɗauki sauran karas ɗin na kai wa maƙwabciyata ta ƙofar da ke kallon tamu, don ban iya ganinsa a firji. Balarabiya ce 'yar gabas, mai shekaru, aure ya kawo ta Riyad. Muna fahimtar juna da rabin Larabci da rabin hannu. Na ba ta labari, ita ma ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi, amma ta riƙe hannuna tana yi. Sannan ta ce mahaifinta masunci ne, in zauna. Ta ɗauko faranti mai faɗi ta zuba ruwa kaɗan, ta ɗora ƙwayar dabino a gefe guda. Ta karkata farantin, ruwa ya gudu ya bar dabinon a bushe. Ta karkato shi, ruwa ya dawo ya rufe shi. Ta ce haka teku yake yi, sau biyu a yini da dare, kowace rana ta Allah.

Ni a saninmu kogi sau ɗaya yake cika a shekara. Ya kawo da damina, ya ja baya da rani, ya bar yashi a tsakiya inda masunta ke kafa bukka su yi watanni. Ban taɓa jin ruwan da ke zuwa ya koma tsakanin Azahar da Isha ba.

Ta ce kuma ba kullum yake zuwa daidai ba, wata yake bi. In wata ya cika, ko in ya ɓace, ruwan yakan hau inda bai saba hawa ba, ya kuma janye nesa ya bar laka. Ta tambaye ni ko ina azumin fararen kwanaki. Na ce ina yi, sha uku da sha huɗu da sha biyar. Ta ce to waɗannan kwanakin mahaifinta ba ya barin ko takalmi a bakin ruwa.

Ban buƙaci kalanda ba. Juma'ar tafiyar sha huɗu ga wata ce, na riga na yi niyyar azuminta.

Na koma gida na ɗauko takardar shirin da maigidana ya bari a kan tebur, mai hoton tsibirin, fari fat kamar an zuba gari a kan shuɗin zane. Ta duba, ta ɗaga waya ta kira ƙaninta a can gabas, ta tura masa hoton. Suka yi magana da sauri ban kama ba sai kalmar la, la, la, wato a'a. Da ta ajiye ta ce ƙaninta ya san wurin. Ba tsibiri ba ne, tudun yashi ne, an ɗauki hoton ne lokacin da ruwa ya janye. A tsakiyar wata ruwa yakan shafe shi gaba ɗaya, kuma a daren da suke nufi zai hau ne suna barci. Ya ce in za su kwana su kwana a gaɓa, su nemi layin busasshiyar ciyawar teku da tarkacen da ruwa ya tura, su kafa tanti can bayansa a kan tudu, su jawo jiragen har wurin su ɗaure. Ya ce su fita da cikowa su dawo kafin janyewa ta yi nisa, in ba haka ba za su ja jirgi a cikin laka har gwiwa.

Likita ya san kalmar da ni ban sani ba, ya kuma duba jadawalin, amma lokacin shiga ruwa kawai ya duba. Shi ma ɗan tudu ne kamar mu. A wurinsa tsibiri tsibiri ne.

Ranar Lahadi da maigidana ya ci abinci ya sha ruwa, na durƙusa gefensa na ce, “Abban yara, ina da magana a kan tsibirin nan.”

Bai ɗago daga waya ba. “Tumatir kika gano a ciki ko albasa?”

“Don Allah ka saurare ni, magana ce ta rai.”

“Me na ce miki ranar Juma'a?”

Na kwashe kwanukan. Litinin na zauna na rubuta komai a takarda, da Turancin sakandarena, don na san in da Hausa ne zai ce surutun mata ne. Na rubuta zancen wata, da layin ciyawa, har da misalin farantin da dabino, na sa a aljihun rigar da zai sa. Da yamma na tarar da takardar a kan murfin tukunya. Ya bi ta da jan biro ya gyara mini kuskuren rubutu guda huɗu, ya ja layi a ƙasa kamar malamin makaranta.

Na yi tunanin kiran matar Likita, na tuna muryarta a waya. Na yi tunanin in bar su su je ruwa ya jiƙa musu tanti su gane. Allah Ya yafe mini, na yi wannan tunanin har na ji daɗinsa na ɗan lokaci. Amma maigidana bai iya iyo ba, uban 'ya'yana ne, kuma mutum ba ya barci da rigar ceto.

Sai na kira Baba.

Da farko bai yarda ba. Ya ce, “Ɗiyata, ruwa ba mahaukaci ba ne. Ina zai je ya dawo sau biyu a rana? Na kwana a kan yashin Kwara ya fi a ƙirga.” Na ce wannan ba Kwara ba ne. Na ba shi labarin farantin, na gaya masa abin da ƙanin maƙwabciyata ya ce. Ina jin ƙarar motoci a bayan Baba. Can ya ce mai ruwa ba ya ƙaryata mai ruwa, in mutumin can ɗan masunta ne to ya yarda. Na ce to shi nake so ya faɗa musu, kamar daga kansa.

“In suka ji haushi fa?”

“Ba za su ji ba, Baba. Kai ne ɗan ruwa, don haka suka ɗauke ka. Maganarka za su ji.”

Na san maigidana. Shekara goma sha shida ina zaune da shi. Na san akwai yiwuwar ya ji haushi, na kuma san wanda haushin zai faɗa wa. Na faɗa wa Baba ba za su ji ba don ina so ya yarda.

Laraba bayan Magariba suka taru dubawar ƙarshe. Baba ya ajiye uwar gidansa a wata unguwa kusa, ya ce yana da rabin awa. Ya zo da ƙugiyoyin da ya ƙulla, a jere a jikin kwali, kowace da tsawon zarenta. Ya ɗauki filafilin ya ɗora a cinya kamar yadda yake yi duk zuwansa. Na miƙa shayi na tsaya a inda na saba.

Ya yi gyaran murya. “Likita, Injiniya, ku gafarce ni. Wurin kwanan nan ne bai kwanta mini ba. Ranar sha huɗu ga wata ce. Ruwan teku in wata ya cika hawa yake yi, zai iya shafe yashin nan muna kai.”

Likita ya ce, “A'a, Baba, yaushe ka zama ɗan teku?”

Da ya tsaya nan wataƙila da an wuce wurin. Amma Baba mutum ne mai son a gane abin da yake faɗa. Ya sauke kofuna daga tiren shayin, ya tsiyaya ruwa kaɗan a ciki, ya ɗauki dabino ɗaya ya ajiye a gefe. Ya karkata.

Na ga ƙeyar maigidana ta tsaya cak.

“Baba,” ya ce a hankali, “wa ya koya maka karatun faranti?”

Baba bai iya ƙarya ba. Ya dubi tiren, ya dubi ƙasa. Bai dubi labule ba, amma rashin duban ya isa.

Likita ya tafa hannu. “Allahu Akbar! Ashe an buɗe jami'ar teku a kicin! Shugaba Hajiya, ɗalibi direba. Injiniya, gidanka akwai ilimi, mu ne ba mu sani ba.”

Maigidana bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, “Na hana ta magana, sai ta aiko ka. Kai kuma da furfurarka ka karɓi aike daga kicin ka kawo mini gaban baƙona.”

“Injiniya, ba haka ba ne. Tsoron Allah ne da tsoron rai.”

“Tsoro dai. Na ji. Mai tsoro ba ya shiga jirgina. Ajiye filafilin nan.”

Baba bai ajiye ba. Ina ganin yatsunsa a kai. Ya ce, “Ranka ya daɗe, na yi kuskure, a yi haƙuri. Mu kwana duk inda kuka ce.”

“Halas. Ajiye.”

Likita ya ga abin ya wuce wasa, ya ce, “Haba Injiniya,” sau ɗaya, sannan ya ɗauki wayarsa ya shiga dubawa.

Baba ya ajiye filafilin a kan kafet da hannu biyu. Ya matso da gwiwa. Mutumin da ya girmi maigidana da shekara ashirin, wanda ya ɗauke ni a kafaɗa ina yarinya ya tsallaka da ni rafi. Ya ce, “To ko ba zan shiga ba, ku tafi da ni in tsare muku mota a bakin gaɓa. In ga ruwan kawai. An riga an ba ni ijazar.”

“Mota tana da makulli,” in ji maigidana.

Na fito daga bayan labule ban ko gyara mayafi ba, na ce laifina ne, ni na matsa masa, a hukunta ni. Maigidana ya ce in koma ciki. Baba ya tashi, ya sa hularsa daidai, ya tura kwalin ƙugiyoyin gaban Likita ya ce masu jan zare na kifin ƙasa ne, masu fari na sama. Ya yi sallama. Na ji saukarsa a matakala, a hankali, yana dafa bango.

Alhamis da rana Likita ya kira. Maigidana ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, suka daɗe. Da ya fita na ga sabuwar takarda a kan tebur. An soke kwana a tsibiri. An rubuta a kafa tanti a gaɓa, a kan tudu, bayan layin ciyawa, a jawo jirage a ɗaure. An rubuta lokacin fita da lokacin dawowa kafin ruwa ya janye. Har da tsayin ruwan kowace cikowa an kwafo daga jadawalin.

Na yi hamdala, har ga Allah na yi. Da ya dawo na tare shi a ƙofa na ce tunda an gyara, a kira Baba, har yanzu da lokaci, kayansa a ɗaure suke.

“An gyara me? Likita ne ya sake lissafinsa.”

Na durƙusa na riƙe gefen rigarsa. Na ce ya yi don darajar mahaifina, ya yi don Allah, ni ya daina yi mini magana wata guda in ya so. Ya zare rigarsa ya ce in tabbatar ƙanƙara ta daskare kafin Asuba.

Da safe na leƙa ta taga suna ɗaure kaya. Likita ya ce jirgi mai kujera biyu in mutum ɗaya ne a ciki gabansa zai riƙa ɗagawa, sai an sa nauyi. Suka gwada, suka ga kular ƙanƙara ta zauna daidai a kujerar gaba. Suka yi ta murna da dabarar.

Na yi azumina. Na riƙe wayata a hannu har lokacin da aka ce in an wuce shi a nemi taimako, ba a kai ga haka ba. Asabar da yamma suka dawo lafiya, fuska ta ƙone, kula cike da kifi. Ina tsaye ina fere su a kicin ina jin maigidana a falo yana ba wani labari a waya. Wai da gari ya waye suka duba inda tsibirin yake ba su ga komai ba sai ruwa, ko tsuntsu ba shi da wurin sauka. Wai da ba don Likita mutum ne mai lura ba da yanzu sai dai labari. Ya ce ƙugiyoyin ma sun yi aiki, ko ɗaya bai kwance ba.

Na ware manya guda biyu na tambaye shi ko in aika Shumaisi. Ya ce in na ga dama.

Lahadi da hantsi na kira Baba. Sai da ta yi ƙara sau da yawa ya ɗauka. Na gaishe shi ya amsa, ya tambayi yara, ya tambaya ko sun dawo lafiya. Na ce lafiya lau, kuma a gaɓa suka kwana. Ya ce alhamdu lillahi, abin da ake nema ke nan.

Na tambaye shi yadda ya yi da kwana biyun. Ya ce a ɗaki ya yi su. Bai iya komawa ya ce wa mutanen gidan an fasa da shi ba, bayan mako uku yana roƙo, don haka ya rufe ƙofa, ko masallacin unguwa bai je ba don kada wani direba ya gan shi ya kai labari. Ya yi sallolinsa a ciki, har ta Juma'a ya yi ta Azahar.

“Kuma ka ci abinci, Baba?”

“Na ci.” Sai ya ƙara da cewa, “Abin da ya dame ni ɗaya ne. Da zan karɓi ijazar na yi wa uwar gidan alkawarin kifi, da shi ta yarda. Jiya da yamma na je kasuwar kifi na sayo guda uku, na cire su daga leda na sa a bokiti na kai mata. Ta tambaye ni ni na kama, na ce ni na kama. Ta kira jikokinta su zo su gani.” Na ji ya ja numfashi. “Ban taɓa sayen kifi ba tunda aka haife ni. Ban kuma san zan yi ƙarya a kansa da wannan shekarun ba.”

Na ce ya yafe mini. Na ce na san zai iya faruwa, na ɓoye masa. Na faɗa ina kuka, na maimaita.

Ya ce ba komai, rai biyu sun fi kwana biyu. Na ce ga kifi na ware masa, zan ba da a kawo. Ya ce kada in aiko, ɗakinsa ba firji, zai lalace. Na ce to Juma'a in ya zo sai in dafa masa.

“Juma'a akwai aiki,” ya ce. “Ana kirana, zan fito da mota.”

Bai zo Juma'ar ba, bai zo ta bayanta ba. Kifin biyu suka yi wata uku a firji a naɗe, har ranar da maigidana ya buɗe yana neman ruwan sanyi, ya gan su, ya ce a soya masa da yaji.